Tambaya da Amsa: Yaushe Ya Kamata Gasar Lig Ta Ƙara Ƙungiyoyi?

Yawancin wasiƙun da suka shigo mana a wannan watan kan batu ɗaya suke, wato yawan ƙungiyoyin da ya dace gasar lig ta ƙwararru ta ɗauka. Mun zaɓi shida, mun taƙaita su, ga amsoshinsu.

Tambaya: Assalamu alaikum. A ganina yawan ƙungiyoyi shi ne yawan wasanni, yawan wasanni kuma shi ne yawan kuɗi. To me ya sa Bundesliga ta tsaya a kan 18, Faransa ma ta rage nata, alhali ga ƙungiyoyi birjik suna neman shiga?

Amsa: Wa'alaikumus salam. Malam, rabin farko na lissafinka daidai ne, a rabi na biyu ne ya kauce. A gasar da kowa ke karawa da kowa gida da waje, ana samun jimillar wasanni ne idan aka ninka yawan ƙungiyoyin da yawan abokan karawar kowace ɗaya. Ƙungiya 18 sau 17, wasa 306 ke nan. Ƙungiya 20 sau 19, wasa 380. Ka ga ƙungiya biyu kacal sun jawo ƙarin wasa 74, kowace ƙungiya kuma ta tashi daga wasa 34 zuwa 38 a kaka.

To amma waɗanne wasanni ne 74 ɗin nan? Babu ko ɗaya a cikinsu da ba ya ɗauke da ɗaya daga cikin baƙin biyu, su kuwa galibi su ne mafiya rauni, tunda daga mataki na biyu suka fito. Bayern Munich da Dortmund sau biyu za su haɗu a lig, ko ƙungiyoyin 18 ne ko 24. Gidan talabijin kuwa irin wannan wasan yake saye da tsada, sauran a wurinsa cikon benci ne. Ɗauki kuɗin talabijin a matsayin 100. A raba shi daidai tsakanin 18, kowa ya tashi da 5.6. A raba tsakanin 20, kowa ya tashi da 5. Kafin tsofaffin ƙungiyoyi su koma inda suke, sai an ƙara wa kwantiragin kashi 11 cikin ɗari, kuma ba kowane gidan talabijin ne zai ƙara hakan saboda ƙungiya ta 19 da ta 20 ba.

Sai kuma lokaci. Mako 52 ne a shekara, ba ya ƙaruwa. A cire hutun ƙarshen kaka da makonnin atisaye, a cire ranakun da FIFA ta ware wa ƙasashe, a cire na kofin ƙalubale da na gasar nahiya, abin da ya rage ba shi da yawa. Tun 2024 ƙungiyar da ke Gasar Zakarun Turai wasa takwas take yi a zagayen farko maimakon shida. Don haka ƙarin zagaye huɗun nan tsakiyar mako ake cusa su, inda 'yan kallo ke raguwa, ɗan wasa kuma da ƙyar yake samun awa 72 na hutu tsakanin wasa da wasa. Nan ne ciwon tsoka ke yawaita. Akwai kuma abin da ba a cika tunawa da shi ba: ƙungiya biyu na bukatar 'yan wasa kusan 50 da za su iya taka leda a babbar gasa, kowane mako kuma ana bukatar ƙarin ayarin alƙalai guda, wato na tsakiya, mataimaka biyu, na huɗu, da masu kula da na'urar VAR.

Faransa ta yanke shawarar komawa 18 ne a 2021, bayan kwantiraginta na talabijin da kamfanin Mediapro ya rushe a ƙarshen 2020 kuɗi ya yi ƙaranci, aka fara aiki da hakan a kakar 2023/24. Amma kada ka ɗauka kowa ne ke son ragi. Ƙananan ƙungiyoyi sun fi son yawa, domin suna samun ƙarin wasa biyu a gida, kuma faɗuwar uku cikin 20 ta fi sauƙin kaucewa a kan uku cikin 18. A Firimiya sai ƙungiya 14 cikin 20 sun amince ake canja doka, shi ya sa shawarar da aka kawo a Oktoban 2020 ta komawa 18 ba ta je ko'ina ba.

Tambaya: Na ji an ce gasar MLS ta Amurka ta kai ƙungiya 30, kuma sabuwar ƙungiya kuɗi take biya kafin ta shiga. Wannan bai nuna cewa faɗaɗawa riba ce tsantsa ba?

Amsa: Abin da kika ji gaskiya ne, Malama, sai dai tsarin nasu daban ne. A MLS babu hawa babu faɗuwa, gurbi saye ake yi. Toronto FC ta biya dala miliyan 10 ta shiga a 2007, New York City ta biya miliyan 100 ta fara a 2015, Charlotte miliyan 325 ta fara a 2022, San Diego kuma miliyan 500, ita ce ta 30, ta fara a 2025.

Abin lura shi ne kuɗin shiga sau ɗaya ake biyansa, rabon da sabuwar ƙungiya za ta riƙa karɓa kuwa na kowace shekara ne. Ga misali don a gane. A ce gasa na da ƙungiya 20, tana samun dala miliyan 200 a shekara daga talabijin da masu ɗaukar nauyi, kowa na karɓar miliyan 10. Aka shigo da biyu, kowace ta biya miliyan 50. Tsofaffin sun raba miliyan 100, kowa ya samu miliyan 5. Daga nan sai a riƙa raba 200 ɗin gida 22, kowa ya koma kusan miliyan 9.1. Cikin shekara biyar da rabi giɓin ya cinye abin da aka karɓa. Saboda haka kuɗin shiga ba riba ba ne sai idan baƙin sun ƙara girman abin da ake rabawa, ta hanyar buɗe sabon birni, sabbin masu kallo da sabbin masu talla. Gasar da ta koma biyan albashi da kuɗin shigar baƙi kuwa ta shiga uku, domin ranar da baƙi suka ƙare ranar asirinta zai tonu.

Amurkawan da kansu sun taɓa ƙonewa. Tsohuwar gasarsu ta NASL, wadda Pele ya buga wa New York Cosmos a cikinta, ta tashi daga ƙungiya 18 a 1977 zuwa 24 a 1978. Masu kuɗi suka yi ta shigowa ba tare da sanin harkar ba, kowa na son ya yi gogayya da Cosmos wajen sayen taurari, kuɗin ƙofa kuwa bai kai ya biya albashi ba. A 1982 sun koma 14, a 1984 saura tara, daga wannan kakar gasar ta mutu.

MLS ma ta sha nata. Ta fara da goma a 1996, ta ƙara Chicago Fire da Miami Fusion a 1998, sannan a Janairun 2002 ta rufe Miami Fusion da Tampa Bay Mutiny ta koma goma. Abin mamaki, Fusion ce ta fi kowa maki a kakar 2001. Iya taka leda bai cece ta ba, saboda 'yan kallo sun yi kaɗan, asara ta yi yawa. Mutiny kuwa ba ta da mai ita, gasar ce ke ɗauke da ita. Sai 2005 aka sake ƙara wasu, ko a nan ma ɗaya daga cikin biyun, Chivas USA, ba ta ɗore ba. Filin LA Galaxy take rabawa da ita, ba ta taɓa samun jama'arta a Los Angeles yadda ya kamata ba, aka rufe ta a 2014.

Amurka ƙasa ce mai manyan birane da yawa da ba su da ƙungiya, shi ya sa take iya ɗaukar 30. Ko su ɗin ma ba kowa ke karawa da kowa gida da waje ba, domin hakan wasa 58 ne ga kowace ƙungiya. An raba su gabas da yamma, kowa na yin wasa 34.

Tambaya: To da wace alama masu gudanar da gasa za su gane cewa lokacin ƙari ya yi?

Amsa: Da 'yan gida ake farawa, ba da masu ƙwanƙwasa ƙofa ba. A duba ƙungiyoyi biyar mafiya talauci a gasar. Suna biyan albashi a kan kari? Akwai wadda 'yan wasa suka kai ƙara kan bashi, ko wadda hukumar gasa ke tallafa wa don ta ƙarasa kaka? Muddin akwai ko ɗaya, maganar ƙari ba ta taso ba, domin ƙarin zai rage mata ɗan abin da take samu ne.

Ma'auni na biyu shi ne tazarar da ke tsakanin mataki na ɗaya da na biyu. A ɗauko teburin shekara biyar, a ga ƙungiyoyin da suka hau, nawa suka tsira a kakarsu ta farko. A Ingila, duk ukun da suka hau sun koma a kakar 2023/24, wato Luton, Burnley da Sheffield United, haka kuma Leicester, Ipswich da Southampton a 2024/25. Gasar da zakarun mataki na biyu ba sa iya zama a cikinta, idan ta ɗebo na huɗu da na biyar, 'yan ba da maki kawai ta ƙara.

Na uku, kwantiragin talabijin. Ba a ƙara ƙungiya a tsakiyarsa, domin kuɗin an riga an tsayar da shi, sai dai a ƙara bakunan ci. Idan kwantiragi zai ƙare nan da shekara biyu, a sa ƙarin ya zo daidai da sabon, a shiga ciniki da shi a hannu, a ji nawa mai saye zai ƙara a rubuce.

Daga nan ne ake juyowa kan mai neman shiga. Abu uku ake nema tare: mai kuɗin da zai iya jure asarar shekara uku zuwa biyar, fili, da magoya baya na gaske. Batun kuɗi ba a karɓar alkawarin baki, takardar lamuni daga banki ake nema wadda za ta iya biyan albashin kaka guda ko da mai ƙungiyar ya janye. Batun fili kuwa ba kujeru kaɗai ba ne. Ƙungiyar da ke haya ba ta da iko da ranakun wasa, ba ta cin kuɗin talla da na saye da sayarwa a filin, kuma takan biya hayar wurin da ba za ta iya cikawa ba. Japan ta gindaya adadi a lasisinta: kujera 15,000 a J1 (mataki na ɗaya), 10,000 a J2 (na biyu), 5,000 a J3 (na uku). Magoya baya kuma ana auna su da tikitin kaka da aka biya kafin alƙalami, ba da yawan mutanen gari ba. Seattle, Portland da Vancouver duk sun daɗe suna buga ƙaramar gasa da jama'arsu kafin su shiga MLS. A Ostareliya kuwa, a 2009 aka shigo da North Queensland Fury da Gold Coast United, waɗanda aka kafa daga babu. Fury ta mutu a 2011. Gold Coast, wadda mai ita ya taɓa taƙaita 'yan kallo zuwa 5,000 don rage kuɗin da yake kashewa a fili, an ƙwace lasisinta a 2012. A 2012 ɗin ne aka kafa Western Sydney Wanderers a yankin da ƙwallo ke da tushe sosai, a 2014 ta ɗauki kofin Zakarun Asiya.

Saura lokacin shiri, kuma a nan ake yawan yin garaje. An sanar da Atlanta United a Afrilun 2014, ta fara wasa a 2017, ta ɗauki kofi a 2018. An sanar da FC Cincinnati a Mayun 2018, ta fara a Maris 2019, ko wata goma ba a cika ba, ta kuma ƙare a ƙarshen teburi kaka uku a jere. A ganinmu ƙasa da wata 18 ganganci ne, domin sai an ɗauki daraktan wasanni, shi ya nemo koci, su biyun su bi kasuwar 'yan wasa aƙalla sau biyu. MLS na ɗan tallafa wa baƙuwa da wani tsari: a 'yan shekarun nan kowace tsohuwar ƙungiya kan killace 'yan wasa 12, baƙuwar ta zaɓi biyar daga sauran. Biyar ɗin ba sa yin ƙungiya, kujerun benci suke cikewa.

Tambaya: A gasar da ake hawa da faɗuwa, yaya ake yin ƙarin ba tare da an zalunci kowa ba?

Amsa: Sharaɗi na farko, a sanar kafin a take wasan farko na kakar da za a yi canjin, a rubuta shi a dokar gasa. Kowace ƙungiya ta shiga kasuwa tana sane da yawan masu faɗuwa da masu hawa. Daga 18 zuwa 20 hanya biyu ce: ɗaya ta faɗi uku su hau, ko biyu su faɗi huɗu su hau. Japan ta bi ta farko a 2023, Yokohama FC kaɗai ta faɗi, Machida, Iwata da Tokyo Verdy suka hau, J1 ta zama 20 a 2024. Aibin wannan hanyar shi ne idan ƙungiya ɗaya ta nutse da wuri, rabin teburi ba shi da abin nema, wasanni su yi lami, kuma a irin wasannin ne masu sayen sakamako ke samun kafa. Hanya ta biyu ta fi riƙe zafin gasa, amma tana hawo da ta huɗu wadda ƙila ba ta shirya ba, don haka gara a sa gurbi na ƙarshe a wasan cike gurbi. A kuma tuna cewa mataki na biyu zai rasa ƙungiya biyu, ko dai a rage shi ko a cike daga na uku. Japan rage J2 ta yi daga 22 zuwa 20.

Mafi muni shi ne ƙarin da aka yi don kashe rigima. A Agustan 1995 an kori Sevilla da Celta Vigo daga La Liga saboda ba su kawo takardun lamuni a kan lokaci ba, aka ba Albacete da Valladolid gurabensu. Magoya baya suka fito zanga-zanga, aka dawo da biyun farko, aka kasa korar na biyun, gasa ta zama 22. Kaka biyu aka yi ana wasa 42 kafin a koma 20. Italiya ma rigimar da ƙungiyar Catania ta tayar kan faɗuwarta ce ta kumbura Serie B, wato mataki na biyu, zuwa 24 a 2003, ta tura Serie A daga 18 zuwa 20 a 2004.

Wani lokacin ma ba saman ne ke bukatar ƙari ba. Japan ta tashi daga goma a 1993 zuwa 18 a 1998, sai Yokohama Flugels ta rasa ɗaya daga kamfanonin da ke riƙe da ita aka haɗe ta da ƙungiyar Yokohama Marinos. A 1999 aka mayar da babbar gasa 16, aka buɗe J2, a 2014 aka buɗe J3. Garuruwa suka samu ƙungiyoyi ba tare da an tsinka babbar gasar ba.

Tambaya: Me zai hana a ƙara ƙungiya ɗaya kawai?

Amsa: Ana yi, amma ba daɗi. Idan adadin bai rabu biyu ba, kowane mako ƙungiya ɗaya na zaune, teburi ba ya daidaita, kuma a ranar ƙarshe ba za a iya buga duk wasanni lokaci guda ba, wata ta gama tana kallon makomarta a hannun wasu. Japan ta yi 17 a 1997, MLS ta yi 29 a 2023 da 2024, dukansu a matsayin zango kafin ta gaba ta iso.

Tambaya: Idan aka ƙara aka ga ba ta yi ba, ai sai a rage. Ina wahalar?

Amsa: Ɗan'uwa, tsalle ɗaya ke jefa mutum rijiya, ya yi dubu bai fito ba. Masu jefa ƙuri'ar ragin su ne waɗanda ragin zai ci, to wa zai ɗaga hannu?

Ajantina ce babban misali. A 2015 ta hawo da ƙungiya goma lokaci guda, daga 20 zuwa 30, shirin da shugaban hukumar ƙwallon ƙasar, Julio Grondona, ya bari kafin rasuwarsa a 2014. Gida da waje ya gagara, aka koma kowa ya kara da kowa sau ɗaya, wasa 29, da ƙarin wasan hamayya guda. Aka fara ragewa da biyu-biyu: 28 a kakar 2017/18, 26 a ta gaba, 24 a 2019/20. Sai annobar korona ta zo aka dakatar da faɗuwa, adadi ya sake hawa 26 a 2021, 28 a 2022, a 2025 aka koma 30. Shekara goma aka yi ana kai da komo.

Inda ragi ya yiwu, ko dai an rubuta shi tun farko ko an biya shi. Da Jamus ta Gabas da ta Yamma suka haɗe, an shigo da Hansa Rostock da Dynamo Dresden daga Gabas, Bundesliga ta zama 20 a kakar 1991/92, amma an riga an tsayar cewa huɗu za su faɗi biyu su hau, kaka ɗaya aka koma 18. Firimiya ta fara da 22 a 1992, ta bi wannan hanyar a 1994/95, Crystal Palace ta ƙare ta huɗu daga ƙasa ta faɗi, matsayin da a kowace kaka daban zai tsirar da ita. Faransa ma huɗu ta saukar a 2023. Afirka ta Kudu kuwa kuɗi ta sa: a 2002 gasar ta sayi guraben Ria Stars da Free State Stars a kan rand miliyan 8 kowace, ta sauko daga 18 zuwa 16. Don haka a takardar da aka amince da ƙari, a rubuta kakar da za a sake duba shi, da ma'aunin da za a duba, kamar matsakaicin 'yan kallo da bashin albashi da abin da talabijin ya ƙara, da yawan ƙungiyoyin da za su faɗi idan ba a cimma ma'aunin ba, da kuɗin rage raɗaɗin da za a ba su, da asusun da kuɗin zai fito.